Malamin da Ba a Gani: Sharhi a Kan Tallan Karatun Nesa a Ƙasar Dakoro

Tun daga shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta tilasta wa hukuma rufe makarantun Nijar a watan Maris, ba a kuwa sake buɗe su ba sai a watan Yuni, wata sana'a ta kunno kai a tsakaninmu wadda iyayenmu ba su san ta da wannan siffa ba, watau koyar da mutane ta wayar salula da intanet a kan lada sananne. Duk wanda yake cikin wani zauren WhatsApp a garin Dakoro, ko na ƴan unguwa ne ko na tsofaffin ƴan lakwal, ya sha ganin irin saƙonnin da nake nufi: wannan yana cewa zai koyar da Ingilishi cikin wata uku, wancan yana alkawarin shirya yaro ga jarrabawar birbe ko ta bak, wani tajwidi da nahawu yake tallatawa, wani kuwa digiri ne ɗungurungum daga wata jami'ar da ba wanda ya taɓa jin sunanta. Waɗansu daga Yamai suke fitowa, waɗansu daga Maraɗi ko Kano, waɗansu daga Kwatano, har da na Alƙahira. Su iso da hantsi, kafin azahar waɗansu saƙonnin sun binne su, kuma bisa ga abin da ido yake gani, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke zama ciniki, mafi ƙaranci kuma su ne waɗanda suke kaiwa ga zama ilimi a ƙirjin wani.

Ba na cikin masu ƙyamar wannan sana'a, hasali ma ina ganin da wuya a sami ƙasar da ta fi tamu bukatarta. Tsakanin Dakoro da Maraɗi, inda Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo take, akwai tafiyar kimanin kilomita 120, balle a yi zancen mutumin Bermo ko Gadabeji, ko wanda yake bin bisashensa arewa da kwarin Tarka, inda wata doka ta 1961 ta shata iyakar noma ta bar wa makiyaya abin da ya saura. Malamin makarantar ƙauye da yake fatan cin jarrabawar shiga aikin hukuma, da yarinyar da aka aurar tana tsakiyar karatun kwaleji, da saurayin da ya ci bak amma mahaifinsa ba shi da halin ciyar da shi a birni, da ɗan kasuwar da yake son Faransanci gwargwadon abin da zai fahimci takardar duwan da kansa, dukansu masu neman ilimi ne na haƙiƙa, waɗanda nisa da talauci da ɗawainiyar iyali suka tsare, kuma da za a kawo musu karatu mai inganci har inda suke, da sun biya da daɗin rai. Abin da yake ba ni takaici shi ne, galibin masu wannan haja ba su san yadda ake tallata ta ga irin waɗannan mutane ba, suna kwaikwayon salon da aka tsara domin jama'ar Faris ko Ikko, sa'an nan idan kasuwa ta ƙi su, sai su ɗora laifin a kan jahilcin mutanen karkara. Su nake nufi da wannan sharhi, musamman ƴaƴanmu da suka yi karatu suke son su ci abinci da shi ta hanyar halal.

Ya kamata a fara da tuna cewa karatun nesa ya girmi intanet ƙwarai, kuma muna da namu tarihin a cikinsa. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, Allah Ya yi mata rahama, ta fuskanci mas'ala irin tamu, domin matan ƙauyuka da take son ilimi ya kai gare su ba su da ikon barin ɗakunansu su zauna a gabanta. Ta tsara karatun a cikin waƙe, da Hausa da Fillanci, yadda zai yi sauƙin hadda ga wadda ba ta iya karatu ba, wannan kuwa hikima ce babba. Amma abin da ya raya wannan tsari nata, wanda ake kira ƴan taru, har ya wuce zamaninta shi ne jajoji, watau dattijan matan da ta zaɓa daga cikin garuruwan kansu, ta naɗa su da malfa domin kowa ya shaida matsayinsu, su zo su ɗauki karatu su koma su bayar. Matar ƙauye ba ta taɓa ganin Nana ba, amma ta san jaji, ta san gidanta da mijinta da halinta, kuma a kan wannan sanin ta yarda da karatun.

Idan muka gangaro zamanin boko, abin bai sake ba. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a Nijar, kowace ƙungiya da jagoranta wanda yake tara mutane su saurara su tattauna. A 1964 aka soma gwajin koyar da yaran firamare ta talabijin a kewayen Yamai, gwajin da ya yi suna har ƙasashen waje ko da yake bai game ƙasa ba, kuma a kowane aji akwai mai kula da yara a tsaye kusa da akwatin. Jami'ar karatun nesa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon wannan ƙarni, ba ta wadatu da littattafai da intanet ba sai da ta buɗe cibiyoyin karatu a jihohi. Haka jami'ar intanet ta Senegal, da aka kafa a 2013, ta gina ɗakunan karatu a garuruwa domin ɗalibai su sami inda za su je su ga mutum. A tsakanin 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyukan Doso da Damagaram, inda aka haɗa yaƙi da jahilci da koya wa manya amfani da salula, aka tarar waɗanda suka sami wayar sun fi takwarorinsu riƙe rubutu da lissafi. Sai dai a lura, wayar ƙari ce aka yi a kan malami da aji, ba a sa ta a gurbinsu ba. A ɗaya ɓangaren kuma, inda aka janye mutum ɗungum aka bar ɗalibi da allon waya, ga abin da ya faru: masu bincike a Amurka sun buga a 2019 cewa daga cikin waɗanda suka yi rajista a darussan intanet na jami'o'in Harvard da MIT a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kimanin 3 cikin 100 ne suka kai ƙarshe. To idan wannan ne rabon manyan jami'o'in duniya, ga suna ga dukiya, ina ga matashin da ya buɗe makarantarsa a cikin waya daga ɗakin haya a Maraɗi?

Malaman kasuwanci na Turawa, tun daga littafin da E. Jerome McCarthy ya wallafa a 1960, suna karkasa sha'anin sayarwa gida huɗu: haja, da farashi, da wurin da za a same ta, da talla. Kason ba shi da aibu, amma mutanenmu sun ɗauki na huɗun kaɗai sun yi watsi da ukun, suna zaton idan an zana hoto mai kyau, aka biya Facebook ya nuna shi ga dubban mutane, to an gama. Alhali kuwa akwai tambayar da take gaban waɗannan huɗun duka, ita ce: wane ne mai sayen? A ƙasarmu, sau da yawa mai karatun daban, mai biyan daban. Yaron da zai zauna birbe ba shi da ko dala, mahaifinsa ne zai sayar da tiyar wake ko ɗan akuya. Matar aure sai da izinin maigida, ko da kuɗin nata ne. Saurayi kuwa wansa ne da yake bida a Agadas ko Libiya ko Ikko zai aiko da kuɗin ta kamfanin Nita ko Amana. Mafi yawan waɗannan masu biya ba su karanta Faransanci, da yawa ba su karanta boko sam, kuma ba su shiga Facebook. Tallan da aka rubuta da Faransanci aka jefa a intanet ya isa ga mai sha'awa, bai isa ga mai aljihu ba, sai yaro ya zama shi ne zai fassara wa ubansa, uban kuwa yana da hujjar ya yi shakka. Saboda haka wajibi ne talla ya kasance da murya, da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, ya bi ta gidajen rediyon gari da saƙon murya wanda dattijo zai saurara da kunnensa ya sake saurara, kuma ya amsa tambayoyin uba kafin na ɗa: nawa ne, har yaushe, wa zai koyar, me yaro zai fita da shi. Wanda yake jin kunyar tallata karatu da Hausa ya tuna cewa kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana ta harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Ya kuma tuna cewa a arewacin Dakoro akwai gidajen da Fillanci ko Buzanci ne zai buɗe masa ƙofa.

Yanzu sai mu zo ga gundarin magana. Duk wanda ya taɓa sayen sa ko raƙumi a kasuwar bisashe ya san cewa baƙon makiyayi ba ya sayar wa baƙon mahauci kai tsaye, sai ta hannun dillali, kuma la'adar da ake ba dillali ba ta yawan surutunsa ba ce, ta lamunin da ya ɗauka ce: shi ne ya tsaya cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi za a nema gobe idan magana ta taso, domin mai dabba ya koma daji amma dillali yana nan a gari, an san ƙofar gidansa. Mai koyarwa ta intanet baƙo ne fiye da wancan makiyayi, gama shi makiyayi an ga fuskarsa an kuma taɓa dabbarsa, wannan kuwa ba a ga fuska ba, hajar ma ba a iya duba ta sai bayan an biya an shafe watanni. Babu abin da zai cike wannan giɓi sai mutum sananne a cikin gari wanda zai ce: ni na tsaya masa. Ko malamin kwaleji ne mai mutunci, ko limamin unguwa idan karatun addini ne, ko mai shagon cajin waya da kowa yake hulɗa da shi, ko shugabar wata ƙungiyar mata, matuƙar dai an san shi da gaskiya, kuma an ba shi aiki na haƙiƙa: ya karɓi kuɗi ya ba da rasit, ya tara ɗalibai sau ɗaya a mako su yi bita, ya kai kuka ga mai makaranta, a kuma biya shi haƙƙinsa a bayyane. Na san za a ce wannan yana rage riba, kuma amfanin intanet ai shi ne a huta da ɗawainiyar wakilai. Jawabina shi ne, ribar da ake lissafawa a kan ɗalibai dubu da suka yi rajista suka watse cikin wata guda riba ce ta takarda, ɗalibai arba'in da suka zauna har ƙarshe saboda akwai mai tambayarsu in sun yi fashi, su ne za su kawo ƙannensu baɗi.

Wannan kuma ya dace da abin da malamanmu suka gada. A al'adar ilimin Musulunci ba a tambayar mutum abin da ya karanta sai an haɗa da tambayar wurin wa ya karanta, shi ya sa aka kiyaye isnadi, aka kuma riƙa ba da ijaza daga malami zuwa almajiri. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya wallafa domin kawai ya ambaci shaihunan da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka a wurin kowane. Har gobe a zaurukan Dakoro, in baƙon malami ya sauka yana son ya buɗe Ahalari ko Iziyya ko Risala, abin da za a fara bincika shi ne malamansa. Jama'ar da aka rena a kan wannan ladabi, ta yaya za a zo mata da makaranta wadda ba ta da sunan malami ko ɗaya, sai tambari da lambar waya da hoton waɗansu baƙin fuskoki suna murmushi gaban kwamfuta? Mai hankali zai sa sunayen malamansa a gaba, ya faɗi inda kowane ya yi karatu da inda ya taɓa koyarwa, ya saki darasi ɗaya ko biyu cikakku kyauta domin a ji muryar malamin a auna fahimtarsa, gama ɗanɗano halal ne a ciniki, kuma babu tallan da ya kai darasi mai kyau da ya zaga wayoyin gari da kansa.

Isnadin zamani kuwa, game da takardar shaida, shi ne izinin hukuma. A nan ne aka fi cutar bayin Allah, a nan ne kuma ya kamata mai gaskiya ya bambanta kansa da babbar murya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Nijeriya ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, abin da ya sa gwamnatin Nijeriya ta dakatar da amincewa da takardun Binin da Togo a watan Janairu na 2024, masu gaskiya da masu ƙarya duka abin ya shafe su. Labarin ya iso mana, ya kuma ƙara wa iyaye tsoro. Saboda haka wanda yake ba da takarda ya faɗa a fili ko ma'aikatar ilimi ta san da shi, ko majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968 take da mazauni a Wagadugu, ta amince da shaidarsa. Idan kuwa takardar tasa ta halartar darasi ce kawai, ba ta shiga da mutum jarrabawar aikin hukuma, to ya faɗi hakan tun kafin a biya. Ba abin kunya ba ne mutum ya ce ni Ingilishi nake koyarwa domin ka iya magana da abokin ciniki, ba ni da digirin ba ka. Da yawa abin da suke nema ke nan, kuma za su girmama wanda ya gaya musu iyakarsa.

Wataƙila wani mai tsoron Allah ya ce, shin ilimi ma haja ne da za a riƙa yi masa talla kamar sabulu? Tambaya ce mai nauyi, ba na kuwa raina ta. Amma fuƙaha'unmu na Malikiyya sun riga sun yi magana a kanta tun da daɗewa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rayu a ƙarni na uku na Hijira, ya wallafa littafi a kan ladubban malaman makaranta, ya tattauna ladansu a ciki, Risala kuma ta halatta a yi sharaɗi da malami a kan lada. Abin da shari'a ta tsananta a kansa shi ne sharuɗɗan ƙulla ijara: aikin ya zama sananne, ladan sananne, wa'adin sananne. Da masu tallan karatu za su auna saƙonninsu da babin ciniki na littafin da yake cikin kowane zaure, da sun sami jagora wanda ya fi na littattafan kasuwanci tsanani. Wanda ya ce duk yaron da ya shiga wurinsa lalle zai ci bak, ya sayar da abin da ba ya hannunsa, wannan shi ne gararu. Wanda ya nuna darasi mai kyau a talla, ya ɓoye cewa sauran an kwafo su ne daga wani wuri ba tsari, ya yi algus. Wanda ya sa abokansa su rubuta yabo a ƙarƙashin tallansa kamar su tsofaffin ɗalibai ne, ko ya ce saura gurbi uku alhali ba wanda ya shiga, ya faɗa cikin abin da ya yi kama da najashu, watau zuga ciniki da ƙarya domin a ruɗi mai saye. Ire-iren waɗannan dabaru ana yayinsu a intanet da sunan gwaninta; a gari kamar namu, inda labari yake zaga kasuwa da masallaci cikin yini guda, haramcinsu da wautarsu sun haɗu wuri ɗaya.

Maganar farashi tana da nata ladubban. Na farko dai a faɗe shi da lissafin da mutane suke yi. A nan da dala ake ƙirga, dala kuwa faran biyar ce, faran dubu shi ne jikka. Wanda ya karanta 5000 a takarda ya faɗa a rediyo cewa dubu biyar ne, dattijon da yake saurare zai iya lissafa jikka ashirin da biyar ya kashe rediyonsa, alhali jikka biyar ake nufi. Mai makaranta daga Kano da yake yanka farashi da naira shi ma ya sani cewa canji yana hawa yana sauka, gara ya tsayar da kuɗinsa da sefa. Sa'an nan a faɗi kuɗin duka, har da wanda ba ya shiga aljihun mai makaranta. Ɗalibin da aka ce masa jikka uku ne a wata, ya shiga ya tarar darussan bidiyo ne masu nauyi da suke cinye masa megar jikka biyar a wurin Airtel ko Moov ko Zamani, ga kuɗin caji a kai, zai ji an yaudare shi ko da ba a yi niyya ba. Kuma a yi la'akari da lokacin da kuɗi yake hannun mutane. Manomi yana da abin hannu da kaka, bayan an girbe hatsi da wake, wanda ya yi daidai da komawar makarantu a watan Oktoba. Makiyayi da mai kiwon rago suna samu gab da Layya. Da bazara da farkon damina kuwa, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma kowa yana gona tun asuba, neman sababbin ɗalibai wahalar banza ce, sai dai bitar masu jarrabawa. Biya kaɗan-kaɗan, mako-mako ko wata-wata, ya fi dacewa da aljihun da ya saba da adashe, kuma wanda ya yi alkawarin mayar da kuɗi ga wanda ya janye a makon farko, ya cika alkawarin ko sau ɗaya ne a gaban shaidu, ya sayi suna da araha.

Game da siffar hajar kanta ba sai na tsawaita ba, domin duk wanda ya kwana a ƙauye ya san halin da ake ciki. Rezo yana zuwa yana ɗaukewa, waya ɗaya ta gida guda ce, wuta kuwa ba abin dogaro ba ce, kamar yadda muka gani a 2023 sa'ad da aka yanke wadda take zuwa daga Nijeriya. Darasin da ya wajabta wa ɗalibi ya kasance a kan layi ƙarfe takwas daidai na tsawon awa biyu ba domin mu aka yi shi ba. Namu shi ne gajeren saƙon murya, da takarda mara nauyi, da darussan da aka zuba a katin waya wanda wakili zai raba, ɗalibi ya saurara a gona ko a bakin rijiya, ya aiko da amsarsa in ya sami rezo, malami kuma ya mayar masa da gyara da sunansa. Wannan gyaran shi ne ainihin abin da ake biya, domin darasi kowa zai iya tura wa abokinsa kyauta, amma kulawar malami ba ta kwafuwa.

Mata kuwa suna bukatar a tsaya a kansu, saboda su ne suka fi kowa riba da karatun da yake zuwa har ɗaki, su ne kuma talla ya fi wuyar kaiwa gare su. A jihar nan tamu ta Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusu da rance na mata wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama. Waɗannan ƙungiyoyi suna taruwa kowane mako, suna da shugabanni da akwati da ƙa'ida, sun saba da auna abin da ya cancanci kuɗinsu. Wanda yake da darasin lissafin sana'a, ko kiwon lafiyar yara, ko karatun Alƙur'ani, ya aika musu mace mai ilimi ta zauna da su, ya sa malama ta riƙa amsa tambayoyinsu, ya kuma raba zauren mata da na maza. Ya sani kuma lambar wayar matar aure amana ce mai nauyi. Ranar da ta fita daga hannunsa ta faɗa hannun wani mai talla ko wani mara kunya, ba ita kaɗai ya rasa ba, ya rasa unguwar duka, ban da cewa tun 2017 Nijar tana da doka a kan kare bayanan mutane.

Saura magana a kan yadda mai makaranta zai san ko tallansa ya ci. Matasa suna alfahari da yawan mabiya da yawan waɗanda suka danna alamar so, waɗannan kuwa lambobi ne da ba su sayen ko tiya guda. Malaman allo sun fi mu sanin ma'auni: ba a yi wa yaro walima ranar da aka kai shi makaranta, sai ranar da ya sauke, kuma a ranar ce unguwa take ganin aikin malami, iyaye su ƙudurta kai nasu. Mai koyarwa ta intanet ya riƙe littafi ya rubuta mutum nawa suka tambaya, nawa suka biya, nawa suka kai wata na biyu, nawa suka gama, ya kuma kira waɗanda suka bari ya tambaye su dalili da ladabi, domin a bakinsu gyaran hajarsa yake. In sakamakon birbe ya fito, ya faɗi adadin ɗalibansa da suka zauna da adadin da suka ci, duka biyun, kada ya ɗauko ukun da suka yi fice ya ɓoye talatin. In an kammala zango, ya zo Dakoro da ƙafarsa ko sau ɗaya a shekara, ya tara ɗalibai da iyayensu da wakilinsa, a ga fuskarsa, a ji yaran suna karanta abin da suka koya. Kuɗin motar da zai kashe daga Maraɗi ya fi masa albarka a kan abin da zai zuba wa Facebook a wata shida.

Ku kuma iyaye da yayye da mazajen da ake zuwa wurinku neman kuɗin irin wannan karatu, ina roƙonku kada ku rufe ƙofa gaba ɗaya, domin a cikin masu wannan sana'a akwai ƴaƴan kirki masu ilimi da niyya tagari, kuma yaranmu suna bukatarsu. Amma kafin ku kwance bakin aljihu, ku nemi sunan malamin da inda ya yi karatu, ku tambayi wanda ya tsaya masa a cikin garin nan, ku ce a nuna muku ɗalibi ɗaya da ya gama a wurinsa ku yi magana da shi baki da baki. Wanda ya amsa muku waɗannan da sakin fuska, ku biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, ku kuma taya shi da sa ido a kan yaron. Wanda ya yi fushi ko ya shiga kewaye-kewaye, ku riƙe kuɗinku.